Tramol da kwanan zaune: haka ake cin jarrabawar shekarar farko?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ci bak, jarrabawar gama sakandare, bana, na baro Magarya na shiga shekarar farko a Jami'ar André Salifou ta Damagaram. Wata biyu ke nan ban san gabana da bayana ba. A anfi, babban ɗakin lacca, malami na ta zuba, kafin in rubuta layi ɗaya ya wuce uku. Yayyenmu na aji biyu sun ce in kwantar da hankalina, sai saura mako guda in haɗa tramol da kofi in kwana ina karatu, in ma na faɗi akwai ratarafaj, wato jarrabawar zagaye na biyu. Na sha sau biyu, barci kuwa bai zo ba, amma zuciyata ta ƙi natsuwa. Gero Baba ya sayar ya turo ni.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ruɗewar nan kusan kowane sabon shiga yana yin ta. A lise shifta ake yi maku, a anfi kuwa ba mai jiran biron kowa. Ka daina bin kowace kalma. Kama kanun darasi, da ma'anoni, da misalin da malami ya maimaita, ka bar fili a gefen takarda. A ranar, kafin ka kwanta, ka ba shi minti 30 zuwa 40 ka cike giɓin da polikopi, wato bugaggun takardun darasi, ko kayen abokinka. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku riƙa tambayar juna. In kun kai goma an koma fada, sai shayi.

Lissafin LMD, wato tsarin digiri na lisans, masta da doktora, ka san shi: kiredi, wato ƙimar da kowane darasin da ka ci ke tara maka, 30 a zango, 60 a shekara, 180 kafin lisans. Abin da sababbi ke mantawa, dabuwar, wato gwajin cikin zango, da aikin TD, wato atisayen da ake yi a ƙananan rukunoni, suna da kasonsu a makin darasi. Je sashenku ka tambayi kason nan da ka'idar ɗaukar maki daga wannan darasi a rufe wancan, ka ji daga ofis. Ratarafaj kuma darussan da suka kayar da kai ne za a tara maka cikin ƴan kwanaki.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka. Wannan magana ta "tramol na buɗe kai" ba ranar Allah da ba a jin ta, kuma ƙarya ce tsagwaronta. Tramol, wato tramadol, maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin morfin. Likita kan ba da miligiram 50 zuwa 100 a sha ɗaya, ba ya wuce 400 a yini, shi ma ga mai ciwon gaske. Wanda mai tallar magani ke zarowa daga ƙasan tire, bayan ya sha ranar Damagaram, sau da yawa 200 ko 225 ne rubuce a jikinsa, kuma ba mai iya rantse maka abin da ke ciki. Ƙwaya biyu sun kai ka iyakar da aka yanka wa marar lafiya, ko sun zarce. Mai tiren nan bai san nauyinka ba, bai san lafiyar hantarka ba, kuɗinka ya sani.

Aikin da yake yi shi ne ya toshe maka jin gajiya, ido ya bushe, ka ɗauka karatu na shiga. Alhali a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da aka karanta da rana. Shi ya sa mai kwanan zaune zai buɗe shafi 60 da dare, gari ya waye a miƙa masa takarda, ya gane tambayar sarai amma amsa ta ƙi fitowa.

Ga kuma farfaɗiya. Tramol na jawo ta ko ga wanda bai taɓa yi ba, rashin barci ma na jawo ta, kai kuwa an ce ka haɗa su biyun. Yaro ya faɗi yana shure-shure a ɗakin jarrabawa, nan take a ce iskoki ne ko an yi masa jifa saboda ƙoƙarinsa, a kwashe shi zuwa wajen mai hayaƙi, ba wanda ya laluba aljihunsa. Wasu kuma in barci ya gagara sai su ɗora diyazefam ko maganin tari mai kodin a kai. Wannan haɗin numfashi yake dannewa, ana iya kwantawa ba a tashi ba. Yayyen naka da ke raba wannan shawara, tambaye su darussa nawa na bara suke bin su bashi har yau.

Kai da ka sha sau biyu, bar shi daga yau, ba sai ka rage a hankali ba. Wanda ya yi makonni yana sha kullum, har in ya rasa sai hamma, majina, gumi, ciwon gaɓoɓi da ƙunci, kada ya yanke lokaci guda. Ya je CSI, wato ƙaramar cibiyar lafiya, ko babban asibitin Damagaram, ya faɗi ainihin ƙwaya nawa yake sha, a tsara masa ragewa.

Barcin awa 7 nake so ka riƙe, har a makon jarrabawa. Kofi kofi ɗaya da safe ya isa, bayan La'asar kada ka taɓa shi, don yakan yi awanni a jini. Darasi mai wuya ka ajiye shi bayan Asuba, kafin rana ta yi zafi.

In wani ya faɗi a gabanka yana farfaɗiya, kawar da benci daga kusa da shi, sa riga ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a tura masa cokali ko ruwa a baki. Da jijjigar ta lafa ku juya shi kan gefensa. In ta wuce minti 5, ko numfashinsa ya yi ƙasa ya ƙi farkawa, ku nufi asibiti da gaggawa, ku tafi da takardar ƙwayar a nuna wa likita.