Shirme, Soki-burutsu da Shaci-faɗi: Duk Ɗaya Ne?

Wata malamar firamare daga Funtuwa ta aiko da tambaya. Ta ce ɗalibanta kan kira duk maganar da ba ta yi musu ba "shirme", shin soki-burutsu da shaci-faɗi ma shirmen ne?

Malama, a'a. Kowace kalma tana nuna abin da maganar ta rasa.

Soki-burutsu ya rasa kan gado. Mai yin sa zai fara da tsadar taki, ya faɗa kan auren ƙanwarsa, ya koma siyasa, ke kuma ki rasa inda ya dosa. Ko kina so ki ƙaryata shi, ba ki da abin kamawa.

Shaci-faɗi kuwa ya fi haɗari, domin a tsare yake tsaf. Abin da ya rasa hujja ce. A majalisar mai shayi wani zai ce, "Ai gwamna ya riga ya sa hannu, Litinin za a biya albashi." Bai gani ba, ba wanda ya gaya masa, ya dai shata ya faɗa. Ba lallai ne ya zama maƙaryaci ba, wani lokacin ma ya dace. In da gangan ya ƙaga labarin, to ya shiga zuƙi-ta-malle, ko zancen ƙanzon kurege. A ganina dalilin wannan sunan a fili yake: kurege ba ya tuƙa tuwo, ina zai samo ƙanzo?

Shi shirme bai tsaya ga baki ba. Wanda ya shanya hatsi ana hadari ya yi shirme ko bai ce uffan ba. Kalmar tana taɓa hankalin mutum, shi ya sa take da zafi, kuma yaro mai tarbiyya ba ya jefa wa babba ita. Wannan ki ja kunnen ɗalibanki a kai.

Surutu yawa ne kawai, yana iya zama gaskiya zalla. Ɓaɓatu surutu ne na fushi, sambatu na mai barci ko mai zazzaɓi.

Akwai kuma maganar da ta rasa cikawa: romon baka. Ita ce ake wa kirari da "holoƙo hadarin kaka", gari ya haɗe, iska ta taso, ba ɗigon ruwa. Lokacin zaɓe kasuwarta ke ci.