Tambaya da Amsa: Yadda Ake Kwashe Windows Zuwa Sabon Faifai Kyauta

Tambaya: Malam, ina da kwamfutar cinya mai tsohon faifan ajiya na 500GB, na kuma sayo sabon faifai nau'in SSD mai 256GB domin ta ƙara sauri. Shin akwai manhajar kyauta da za ta kwashe mini Windows da fayilolina zuwa sabon faifan ba tare da na sake ɗora komai daga farko ba? Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa: Akwai, malam, amma tun da sabon faifanka bai kai tsohon girma ba, sai ka bi aikin daki-daki. Kafin komai, kwafe hotuna da takardunka masu muhimmanci zuwa wani faifai na waje, domin sai an rage girman ɓangaren faifai (wato ɗaya daga cikin kason da aka raba faifan), kuma wannan aiki ne da kan lalata bayanai idan wuta ta ɗauke ana tsaka da shi, don haka ka tabbata batirinka a cike yake.

Manhajar da na fi amincewa da ita wajen kwafar faifai ɗungurungum ita ce Clonezilla, wadda aka ƙirƙira a wata cibiyar binciken kwamfuta ta ƙasar Taiwan. Ana ɗora ta a filashi ta amfani da manhajar Rufus ko Ventoy, sannan a tayar da kwamfutar daga filashin. Tana kwafar wuraren da ke ɗauke da bayanai kawai, sai dai ba ta yarda ta zuba babban ɓangare a cikin ƙarami, kuma fuskarta rubutu ce zalla. Wanda bai saba ba gara ya ɗauki Rescuezilla, wadda ke aiki iri ɗaya da maɓallan dannawa. Macrium Reflect ta kyauta kuwa kamfaninta ya daina kula da ita tun farkon 2024.

Matsalar girma ita ce ta kawo mu kan manhajar GParted, wadda da ita za ka matse ɓangaren C, wato inda Windows take, ka kuma matso da ƙaramin ɓangaren farfaɗowa da Windows kan ajiye a ƙarshen faifai, har jimillarsu ta shiga sabon faifan. Ka sani cewa 256GB ɗin da ke jikin kwali kusan 238GB ne a lissafin Windows. Kafin ka fara matsewar, ka cire BitLocker (tsarin Windows na kulle bayanan faifai) idan yana kunne, ka kashe Fast Startup (tsarin saurin tashin Windows), in ba haka ba GParted na iya ƙin taɓa ɓangaren.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen zaɓar faifai. Waɗannan manhajoji ba su san C ko D ba, sunaye irin sda da sdb suke nunawa, kuma wanda ya juya su zai shafe tsohon faifansa da hannunsa. Ka dubi girman kowanne sau biyu kafin ka amince, kuma kada ka goge tsohon faifan sai sabon ya yi maka mako guda yana aiki lafiya.