Wane littafi zan fara da shi? Ga abin da na gani a nawa karatun

Ɗan'uwa, ka ce kana son ka koma karanta littattafan addini da na tarihi, amma da ka buɗe shafi biyu sai barci, alhali labarin soyayya a waya kana iya kwana a kansa. Ka tambaya da wanne za ka fara. Ni ma ta nan na biyo, don haka bari in ɗan ja zancen.

Muna sakandare, hayar littattafan soyayya muke yi a wani ɗan kanti a bakin layinmu, a biya kuɗin kwana ɗaya, mutum huɗu su karanta kafin a mayar. Ban raina su ba, su suka sa idona ya saba da rubutun Hausa. Abin da ya raba ni da su shi ne, in na gama ɗaya ba na sake waiwayarsa. Littafin tarihi ko na hadisi kuwa, na shekara goma da shi amma in na buɗe sai in ga layin da na ja da biro ya zo mini da wata ma'ana daban, saboda ni ne na canza.

Sai dai ka raba littattafan nan gida biyu, don a nan na yi tuntuɓe. Akwai na karantawa kai kaɗai, akwai na ɗauka a gaban malami. Fiƙihu yana gida na biyu. Ba banza ba iyayenmu suka jera su a zaure: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, sannan Risala, malam yana fassara kalma-kalma, ɗalibi yana biyawa. Ni da na ga na ɗan iya Larabci, sai na ɗauko Ahalarin mahaifina daga gafaka, mai takarda rawaya da gefenta ya cinye, na ce zan wuce babin rafkanuwa da kaina. Abin da na kama shi ne ragi ƙabli, ƙari ba'adi, shi ke nan. Na yi watanni duk ranar da na manta ƙunuti a asuba sai in yi ƙabli. Ranar da na faɗa wa malaminmu, cikin alfahari ma na faɗa, sai ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce ƙunuti mustahabbi ne, kuma a Malikiyya wanda ya yi sujada kafin sallama don barin mustahabbi ya ɓata sallarsa. Washegari na shimfiɗa buzuna a ƙarshen layi, bayan yaran da na girme wa da shekara goma.

Na karantawa kai kaɗai kuwa, fara da sira, wato tarihin rayuwar Annabi (SAW). Labari ce, tana ja kamar yadda littafin soyayya yake ja, ga shi kuma gaskiya ne. Arba'una Hadisi ta Imam Nawawi ma ta dace da mai farawa; hadisai 42 ne a ciki duk da sunan, ɗaya a rana ya ishe ka. Fassarar Alƙur'ani ta Sheikh Abubakar Gumi tana kusa da shimfiɗata kullum, shafi ɗaya bayan tilawa.

Tarihi shi ne inda na fi nutsewa. Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya hana ni barci fiye da kowane ƙagaggen labari, musamman wasiƙun da suka yi musaya da Shehu Alkanemi na Borno a kan halaccin yaƙin jihadin da ake yi a lokacin. Malamai biyu, kowa da hujjarsa, kuma Bello ya kawo maganar abokin jayayyarsa a cikin nasa littafin. Tun daga nan na rage saurin yanke hukunci a gardamar majalisa.

Maganar barci kuma, lokaci ne ba ka zaɓa daidai ba. Wanda ya wuni a kasuwa ya ci tuwo ya kwanta da littafi, ai matashin kai ya ɗauka. Ni bayan asuba nake yi, minti ashirin kafin yara su tashi, a zaune, waya tana ɗaki a caji. Littafi ɗaya tal har sai ya ƙare. Na taɓa shiga Kasuwar Kurmi na kwaso guda bakwai a rana ɗaya, uku har yau suna cikin ledarsu, maiɗakina tana yi mini tsiya da su duk ranar shara.

In ka gaya mini ko kana karanta Larabci ko sai Hausa da Turanci, da kuma garin da kake, zan fi sanin wanda zan ce ka nema a wannan makon.