Dalilin da ya sa ba mu share filin gaba ɗaya ba

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana direban katafila share filin nan gaba ɗaya, alhali kullum sai an biya kuɗin hayarta, kuma a ganinka da mun gama sharar cikin mako guda, sai mu gina magudanan kankare daga baya su kwashe ruwan. Lissafinka na kuɗin haya daidai ne, amma ka manta da ƙasar da ruwa zai tafi da ita tsakanin ranar da aka share filin da ranar da aka gama zuba kankaren, kuma wannan tazara takan kai wata biyu ko uku.

Ciyawa da ƙananan itatuwan da kake gani kamar datti su ne suke riƙe da filin, domin ganyensu yana tare ɗigon ruwan sama kafin ya daki ƙasa, saiwoyinsu kuma suna ɗaure ta tare da buɗe wa ruwa hanyar nutsewa. Idan katafila ta kankare su, ta kuma danne wurin da nauyinta, ruwan da a da yake shiga ƙasa sai ya koma gudu a samanta. A nan Arewa abin ya fi muni, saboda ƙasarmu mai rairayi ce, tana shafe wata shida ko bakwai a bushe, sannan ruwan farko na Mayu da Yuni yakan sauko da iska da ƙarfi cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Duk wanda ya san garin Gombe ya san yadda kwari ya ci gidaje da tituna, har gyaran wasu wuraren ya zama sai da tallafin Bankin Duniya a ƙarƙashin shirin yaƙi da zaizayar ƙasa mai suna NEWMAP, kuma irin wannan ɓarna takan faro ne daga 'yar hanyar ruwan da yaro ma zai iya tsallakewa.

Saboda haka aikin farko a kowane fili shi ne sanin inda ruwa yake shigowa da inda yake fita. Mukan zagaya wurin da tiyo mai ruwa a ciki muna auna tudu da gangare, mu kuma tambayi dattawan unguwa inda ruwa ya saba bi a watan Agusta. Daga nan sai mu haƙa rami a iyakar filin ta wajen tudu, domin ruwan da yake gangarowa daga filayen sama ya zagaye wurin aikinmu ya faɗa tsohuwar hanyarsa, kuma gangaren wannan rami kada ya wuce santimita 1 ko 2 a kowace mita, don idan ya fi haka shi kansa zai fara cin gefensa. Bayan wannan ne katafila take shiga, ita ma iyakar inda za a yi gini a wannan wata kawai, a bar ciyawar gefen gangare da ta bakin rafi yadda take. Baƙar ƙasar sama da ta kankaro, kimanin santimita 15 zuwa 20, sai a tara ta nesa da hanyar ruwa, tsibin kada ya wuce mita 2, a rufe shi da tamfol, domin da ita za mu rufe wurin idan gini ya ƙare.

Abin da nake so ka fi riƙewa shi ne yadda ake rage wa ruwa gudu a cikin ramukan wucin gadi, domin a nan ne yawancin leburori suke kuskure. Ana jera duwatsu ko buhunan yashi a gicciye cikin ramin, a tura bakinsu cikin gefen ramin dama da hagu, sannan a bar tsakiyar jerin ta fi gefunan ƙasa da kamar santimita 15. Idan aka daidaita saman jerin, ruwa zai nemi gefe ya ɓalle ta nan, ya bar duwatsun a tsaye su kaɗai a tsakiyar sabon kwari. Tazarar jeri da jeri kuwa gangaren wurin ne yake yanke ta, wato gindin jerin da yake sama ya yi daidai da kan jerin da yake ƙasa, ta yadda ruwan zai riƙa saukowa kamar mai taka matakala. Manoman yankin Tawa a Nijar sun daɗe suna jera duwatsu haka a gonakinsu, suna farfaɗo da ƙasar da ta riga ta zama fako.

A can ƙarshen gangaren filin sai mu haƙa rami mai faɗi da ruwan zai tsaya a ciki kafin ya fita. Yashi yakan kwanta nan da nan, amma laka takan kwana a cikin ruwa ba ta sauka ba, shi ya sa wannan rami ba ya iya kama duk abin da ya taso, kuma shi ya sa na fi damuwa da kada ƙasar ta taso tun farko. Abin da ya kuɓuce mana lambatun maƙwabta zai je ya cika, ranar da aka yi ruwa mai yawa kuma ya shiga ɗakunansu, wannan kuwa haƙƙi ne a wuyanmu ko da babu jami'in da ya zo dubawa.

Magudanar kankaren da ka ambata za mu gina ta, sai dai ka sani cewa santsinta yana ƙara wa ruwa gudu, kuma inda ta ƙare ko inda kwalbati ya fitar da ruwa a kan ƙasa tsirara, nan ne rami yake fara cin baya har ya karya kankaren kansa. Dole ne a shimfiɗa manyan duwatsu a bakin kowace mafita, a bisa tsakuwa, a faɗaɗa su yadda ruwan zai baje. Duk gangaren da muka yanka da hannunmu kuma mukan kwantar da shi, faɗi 2 a kan tsayi 1, mu dasa ciyawar kiri-kiri a jikinsa, mu jera ciyawar jema a gicciye a farkon damina, domin saiwar jema tana nutsawa ƙwarai, sannan mu kewaye shukar da ƙaya saboda awaki.

Daga yau wannan ɓangaren aikin yana hannunka. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, ka ɗauki shebur da baro ka bi ramukan tun daga tudu har gangare, ka kwashe yashin da ya kai rabin tsayin duwatsun, ka mayar da buhun da ya goce, sannan ka tsaya a mafitar ka dubi launin ruwan da yake barin filin. Idan ka gan shi ja, ka bi sawunsa zuwa sama har ka gano inda ƙasar take tasowa, ka zo ka faɗa mini kafin katafila ta fara aiki.