Yaya, ga amsar tambayar da kika yi mini ranar kamu

Yaya, ranar kamu a Gwammaja kin hango ɗan falasta manne a cinyata, kika ja ni ɗaki kika ce, "Ke da hamsin saura ɗaya, har yanzu tazarar haihuwa kike yi?" Hayaniyar biki ta hana ni amsa miki.

Wannan ba na tazara ba ne. Sinadarin istirojin ne, wanda jikin mace ke rage samarwa idan al'ada ta kama hanyar ɗaukewa. Kafin in fara shi, sai in farka ƙarfe uku na dare matashin kai ya jiƙe sharkaf da gumi, ga ƙanƙara na zuba a waje. Barci ya ƙaurace, abu kaɗan na hau yara da faɗa.

Mu matan Hausawa mazauna Landan mun daina rufe wannan magana. A wajen suna ko walima, da an ci tuwo an tattara kwanuka, sai a koma kicin ana tambayar juna. A nan na fara jin cewa maganin ba ya hana ciki, kuma nas ta tabbatar mini. Matar da al'adarta ta tsaya kafin ta kai 50, ana ba ta shawarar ta ci gaba da tazara shekara 2; wadda ta haura 50, shekara 1. A 55 kowa ta huta. Shi ya sa na bar robar mahaifa ta Mirena a jikina: tana hana ciki, tana kuma kare mahaifa har shekara 5, domin istirojin shi kaɗai kan jawo kansar mahaifa ga wadda ba a cire wa tata ba.

Tsoron da kika ambata, cewa irin wannan magani na iya jawo kansar nono, mu ma muna yinsa. Ya bazu ne tun 2002, bayan wani babban bincike a Amurka. Haɗarin yana nan, ɗan kaɗan ne, kuma yana ƙaruwa da daɗewar amfani, don haka duk shekara ake zama da likita a sake dubawa.

Abin da ke damuna shi ne ƙwayar tazarar da kika ce kina aika yaro kemis ya sayo miki. Kina da hawan jini, Yaya, kuma mai haɗe da istirojin tana iya jawo daskarewar jini ko shanyewar ɓarin jiki. Don Allah ki ɗauki kwalin ki kai sashen mata na Asibitin Malam Aminu Kano, a auna ki, a sauya miki wadda ta dace.