Na Ɗauki Hoton Yaron Da Nake Zargi, In Watsa A Facebook?

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Ranar Talata da yamma ina cikin bas, an cika maƙil, ba masaka tsinke, sai na ji jakata ba nauyi. Ina dubawa na ga an tsarge ta da reza ta ƙasa, wayata ta tafi. Wani yaro mai jar riga, bai fi shekara 15 ba, shi ne a jikina tun da na hau. Kafin ya sauka na ari wayar wata fasinja na ɗauke shi hoto. Ƙawayena sun ce in watsa a Facebook a gano shi. In yi?

AMSA: Sannu 'yar'uwa, Allah ya mayar miki da alheri. Amma don Allah kada ki watsa hoton nan.

Kin ga hannunsa cikin jakar? Ba ki ce kin gani ba. 'Yan sane sukan shiga mota su biyu ko uku: wannan ya matse ki, wancan ya tsarge jaka, na uku ya karɓi kaya ya sauka a tasha ta gaba. Mai jar rigar nan yana iya zama ɗayansu, yana kuma iya zama ɗan makaranta da cunkoso ya manna miki. Hoto in ya fita ba ya dawowa, kuma kin san abin da taron jama'a ke yi wa wanda aka ce masa ɓarawo. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai.

Ko da shi ɗin ne, yaro ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ɗauki wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, sashe na 40 kuma ya ce a kiyaye sirrinsa a duk matakan shari'a. Ƙa'idojin Majalisar na 1985 kan shari'ar yara, da ake kira Ƙa'idojin Beijin, su ma sun ce kada a wallafa abin da zai sa a gane yaron da ya yi laifi. Dalili a fili yake: yaron da kowa ya san fuskarsa da sata, makaranta ta guje shi, mai ba da aiki ya guje shi, ina zai koma in ba wajen manyan da suka tura shi ba?

Hoton naki yana da amfani, amma a hannun 'yan sanda. Ki kai musu yau, da lambar motar, hanyar da ta bi, ƙarfe nawa, da inda kika tsaya a ciki. In motar na da kyamarar tsaro, ki nemi su karɓi bidiyon da wuri, domin na'urar takan shafe tsoho ta ɗora sabo a kai. Kwandasta da direba ma sukan san fuskokin da ke yawan hawa su sauka ba tare da sun je ko'ina ba.

Ki duba kwalin wayar, akwai lamba mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI, wadda ake gane waya da ita, ki ba 'yan sandan ita. Kafin ki fita gida kuma, ki sa a rufe layinki, ki sanar da bankinki.