Amsa: Me ya sa aikin inzayim ɗina ya ragu bayan na tace shi daga mitokondariya?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na karanta tambayarki. Kin ciro inzayim (furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki) mai suna sitokurom si oksidas daga mitokondariyar zuciyar bijimi, wato sashen ƙwayar halitta mai samar da kuzari, kin narkar da tantanin da ditajan (sabulun ɗakin gwaji) mai suna Triton X-100, kin tace, jel ya nuna furotin ɗin na nan lafiya, amma da aka zo awo sai aiki ya yi ƙasa sosai, kina tsoron ko ya lalace. 'Yan'uwa sun ce ki duba zafi da pH, kuma shawara ce mai kyau. Ni dai a shekarun da na yi ina fama da waɗannan inzayim, abin da nake fara zargi shi ne kitsen da aka wanke wa furotin.

Da yawa daga cikinmu mun taso muna kallon tantani a matsayin bango kawai, furotin kuma su ne ma'aikata. A tantanin ciki na mitokondariya wannan fahimta ba ta kai mutum ko'ina. Tun farkon shekarun 1960 Sidney Fleischer da abokan aikinsa suka nuna haka: suka cire fosfolifid, wato kitsen da ke gina tantani, daga mitokondariya da asiton, jigilar ilektoron da ake samar da kuzari da ita ta tsaya, suka mayar da kitsen, aiki ya dawo. Furotin bai je ko'ina ba, abokin aikinsa aka ɗauke masa.

Kitsen da ya fi shafarki sunansa kadiyolifin. Mary Pangborn ce ta fara ware shi a 1942, daga zuciyar bijimi, irin wadda kike aiki da ita. Sauran fosfolifid wutsiya biyu gare su, shi kuwa huɗu, da fosfet biyu a kansa, kai ƙarami, gindi mai faɗi. Kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na fosfolifid ɗin tantanin ciki shi ne, kuma da wuya ki same shi da yawa a wani tantanin na ƙwayar halittar dabba. Wannan siffa tasa ce ke taimaka wa tantani ya lanƙwashe ya yi ninkin nan da ake kira kirista. Amma abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake shiga cikin ramukan furotin ya zauna daram, kamar siminti tsakanin bulo. Da aka fitar da hoton tsarin furotin mai musayar ADP da ATP (sinadaran ɗaukar kuzari a ƙwayar halitta) a 2003, an ga kadiyolifin manne a jikinsa, duk wankin da aka yi bai fitar da shi ba. Rukunan furotin na numfashi masu jigilar ilektoron, na 1, na 3, na 4, da injin haɗa ATP duk suna riƙe da nasu. A naki inzayim ɗin, wato rukuni na 4, idan aka cire kadiyolifin aiki yana faɗuwa, wasu ƙananan sassan furotin su saki, idan kuma aka mayar da shi aikin na farfaɗowa.

Kada kuma ki ɗauka kowane kitse zai yi wa kowane inzayim. Akwai wani da ke sarrafa beta-haidoroksibutiret, shi fosfatidilkolin yake so. In kin tace shi babu wannan kitse, ba ya ma iya kama NAD, sinadarin da yake buƙata don aiki, yadda ya kamata, zai zauna shiru kamar matacce. Ki ba shi kadiyolifin kaɗai, ba zai motsa ba.

To ga abin da zan yi da ni ce ke. Na farko, Triton ɗin kansa yana danne aikin wannan inzayim, ban da kitsen da yake kwashewa. Ki sauya shi da wani ditajan, dodesil maltosayid, a ruwan awo ki sake gwadawa, sau da yawa nan take za ki ga bambanci. Sai gwajin mayar da kitse. Ki busar da fosfolifid ɗinki ƙarƙashin iskar naitirojin har ya zama siririn shafi a gindin kwalba, ki zuba bafa (ruwan da ke daidaita pH), ki kaɗa da na'urar sauti. Da fari ruwan fari fat yake kamar madara, sai ya riƙa washewa har ki iya hango haske ta cikinsa. A nan ne ya yi. Ki haɗa da inzayim a kan ƙanƙara, ki ba su lokaci, sannan ki sa sitokurom si da aka ɗora wa ilektoron a kofin awo ki kalli layin da na'urar awon haske ke zanawa a nanomita 550. Inzayim mai rai yana jan layin ƙasa da sauri, wanda aka tsiraita kuwa sai layin ya riƙa jan ƙafa. Ki yi kwano uku: babu kitse, fosfatidilkolin kaɗai, sai wanda aka ƙara wa kadiyolifin. In na ukun ya tashi ya bar sauran, kin sami amsarki, furotin ɗinki na nan da ransa.

Ina roƙonki ki kula da kadiyolifin ɗin da kansa. Na zuciya wutsiyoyinsa huɗu galibi linoliyik asid ne, kuma iskar oksijin na cinye su da wuri. Kwalbar da aka daɗe ana buɗewa ana rufewa ba za ta farfaɗo da komai ba, sai ki yanke hukuncin ƙarya cewa ba kitse ne matsalar ba. Ki raba shi kashi-kashi, ki rufe da naitirojin ko argon, ki ajiye a sanyi mai tsanani nesa da haske.

Wannan magana ba ta ɗakin gwaji kaɗai ba ce, shi ya sa nake ɗaukarta da zafi. Akwai cutar da likita Peter Barth na ƙasar Holan ya bayyana a 1983, yara maza take kamawa galibi: zuciya ta yi rauni, tsoka ta yi rauni, wasu fararen ƙwayoyin jini su ragu. A 1996 aka gano ƙwayar gadon da ke da alhaki, wadda ke samar da furotin mai suna tafazin. Aikin tafazin shi ne gyara wutsiyoyin kadiyolifin bayan an ƙera shi. In ya gaza, sai kadiyolifin mai wutsiya uku ya taru, cikakken ya ragu, rukunan numfashi su kasa haɗuwa su zama manyan gungu kamar yadda Schägger da Pfeiffer suka nuna a 2000 cewa suna yi. Kuskuren gadon bai taɓa inzayim ɗin numfashi ko ɗaya ba, amma yaro na kwance da ciwon zuciya.

Idan ma burinki ganin waɗannan gungu ne a jel, Triton zai iya wargaza miki su, ditajan mai suna dijitonin ya fi sauƙin hannu. Ki turo mana yawan ditajan da kika sa a kan kowane miligiram na furotin, da tsawon lokacin da samfurin ya yi a kan kolum, mu duba tare. Allah ya ba da sa'a.